Makulli Biyu

Shekara ashirin da ɗoriya makullin nan
yana rataye a ƙusar shagona,
tsakanin zarto da tsohuwar kalanda.
Ranar da Kefas ya miƙo mini shi
motar kaya na ruri a bakin layi.
Ya ce, "Zubairu, riƙe mini. Mako biyu ne."
Ya haye gada.
Kogin Kaduna ya ci gaba da harkarsa.

Cocin na nan a bayan katangata.
Kwano ya yi tsatsa, tantabaru sun gaje bagade.
Duk damina sai na hau na toshe yoyo.
Uwargida takan ce, "Ɗakin da ba ka salla a ciki?"
In ce mata amana ba ta tambayar alƙibla.

Yau aka kira taro a gindin darbejiya.
Alhaji Mamuda ya zo da takarda a naɗe:
shaguna goma sha biyu, sama da ƙasa,
baya kuma ma'ajiyar siminti.
Da ya faɗi kuɗin haya, kowa ya haɗiyi yawu.
Wani saurayi ya ce a yi gidan kallon ƙwallo,
aka tuntsire da dariya, shi bai yi ba.
Liman ya daɗe yana jan carbi
kafin ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.
A jira su."

Sai ga Rifkatu ta sauko daga keke,
fararen kayan asibiti a jikinta.
Na san ta tun tana rarrafe ƙarƙashin bencinan nan
da ni na fere, ni na buga wa ƙusa.
Ta ce Baba ya rasu bara, a Sabon Tasha.
Ta ce har daren ƙarshe yana tambaya
ko an gyara tagar gabas.

Ban gyara ba.
Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana.

Ta zuge jaka, ta fito da wani makulli,
ɗan ƙarami, ɗaure da koren zare.
"Na masallacin layinmu ne, can ƙetare.
Naku ma mako biyu suka ce.
Baba ke share shi duk Alhamis,
ya kori awaki, ya jingine tabarmi saboda gara."

Muka ajiye su kan benci, gefe da gefe,
ƙarfe biyu da suka tsufa a hannun maƙwabta.
Ba wanda ya yi tari.

Ta ce dattawansu sun zauna, sun yarda.
"Mata nawa suka haihu a hanya daga unguwar nan?
Gado shida zai shiga inda muke waƙa.
Inda ake yi wa yara addu'a
a ɗora ma'aunin jarirai."
Liman ya ce nasu waƙafi ne, ba ya sayuwa,
amma zauren gefe na da allo da inuwa,
duk yaron da ya zo da littafi a bar shi ya zauna,
kada a tambayi sunan ubansa.

Gicciyen saman ƙofa fa?
Nan murya ta tashi, nan aka yi ta ja,
har aka kira la'asar ba a yanke ba.
Alhaji Mamuda ya naɗe takardarsa, fuska a murtuke,
ya yi taku uku, ya juyo:
"Daɓen nan, buhu nawa zai ci?"

Da yamma na koma shago.
Ƙusa na nan, tsirara,
da zanen tsatsa a bango, siffar abin da ya tafi.
Na ɗauki awo da fensir,
na nufi tagar gabas.